Daga Bakin Kogin Misisipi Zuwa Tafkin Gishiri: Tafiyata a Sawun 'Yan Mormon

A watan Oktoban 2024 na tashi daga filin jirgin sama na Malam Aminu Kano, muka ya da zango a Adis Ababa, daga can sai Shikago. Asalin tafiyar zumunci ne. Ɗan ƙanwata da ke aiki a can ya samu ƙaruwa, ya matsa lallai sai na zo na sa wa jaririn albarka. Amma tun kafin biza ta fito na gaya masa ina da wata buƙata a gefe, ina so in ga ƙasar 'yan Mormon, mabiya wani coci da ya samo asali a Amurka, da idona. Rayuwata ta aiki duk a harkar ban ruwa da noman rani na yi ta, kuma tun muna ɗalibai sunan jihar Utah ta Amurka ke fitowa a littattafanmu, a matsayin wurin da wasu korarrun mutane suka tare rafi suka mai da fako gona. Daga baya na zauna ofis ɗaya da wani mutumin Akwa Ibom ɗan cocinsu, wanda ko a tsakiyar hunturu ba ya karɓar kofin shayi, ba ya kuma ƙara ko sisi a takardar kuɗin tafiya. Abubuwan nan biyu sun daɗe suna yi mini yawo a rai.

A Shikago layin shige da fice ya yi tsawo, amma tambayoyin gajeru ne: ina za ka sauka, yaushe za ka koma, ka taho da nama ko iri? Dama yaron ya gargaɗe ni kada in kuskura in sa kilishi a jaka, don haka ƙuli-ƙuli da yaji kaɗai na riƙo. Na faɗa musu, suka duba, suka ce in wuce. Kwanakin Shikago na cikin gida ne, babu labari a cikinsu.

Da sassafe muka kama hanyar Nauvoo, tsohon garin 'yan Mormon, a motarsa, tafiyar awa huɗu da wani abu, yamma maso kudu. Jihar Illinois shimfiɗaɗɗiya ce, masara da waken soya hagu da dama har iyakar ganin ido, injinan girbi suna ta da ƙura, amma ba ka ganin mutum a gona sai wanda ke cikin injin. Tun daga fitarmu har isarmu babu wanda ya ɗaga mana hannu, babu shinge, babu mai leƙo kai ya ce a buɗe but. Na yi ta jiran shingen farko har yaron ya lura ya ce, "Kawu, kwantar da hankalinka, in dai ban yi gudun wuce ka'ida ba babu mai tsai da mu." Mai kuwa galan ɗaya dala uku da 'yan kai, kai za ka zuba da hannunka. Masaukin da muka samu ya ci kusan dala 90 a dare.

Nauvoo ta yau ƙauye ce, mutanenta ba su kai dubu ɗaya ba, tana zaune a inda kogin Misisipi ya yi gwiwa. Da wuya mutum ya yarda cewa a farkon shekarun 1840 tana gogayya da Shikago a yawan jama'a. Da 'yan Mormon suka iso a 1839 wurin fadama ne mai sauro, zazzaɓin cizon sauro ya kwashe su da yawa, sai suka haƙa magudanai suka tsane ƙasar suka yi gini da jan bulo. An gyara gidaje da dama, shiga kyauta, kuma tsofaffin ma'aurata da suka yi ritaya ne ke zagayawa da baƙi, da kuɗin aljihunsu suka zo. A maƙera wani dattijo ya nuna mana yadda ake gasa ƙarfen ƙafar keken shanu ya buɗe, a ɗora shi a kan katako, a watsa ruwa ya kama gam. Ya ce a lokacin sanyin 1845 kusan kowane gida a garin ya koma wurin ƙera keke, domin an riga an ba su wa'adin barin gari.

Shi ne ya ba mu asalin labarin, a tsaye a bakin maƙerar. Joseph Smith, wanda ya kafa cocin, ɗan talakan manomi ne, an haife shi a 1805 a jihar Vermont, ya tashi kusa da Palmyra ta jihar New York. Ya ce a 1820, yana ɗan shekara 14, ya shiga daji addu'a don ya san wane coci ne na gaskiya, sai Allah da Yesu suka bayyana gare shi suka ce kada ya shiga ko ɗaya. Ya ce daga baya wani mala'ika mai suna Moroni ya nuna masa allunan zinariya binne a wani tudu, ya fassara su, aka buga Littafin Mormon a 1830, kwafi 5,000, da kuɗin wani manomi Martin Harris da ya jinginar da gonarsa. Littafin yana ba da labarin wasu Bani Isra'ila da suka bar Kudus wajen shekara 600 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) suka ƙetara teku zuwa nahiyar Amurka, da kuma ziyarar da Yesu ya kai wa jikokinsu. Na tambayi dattijon ina allunan suke yanzu. Ya ce mala'ikan ya karɓe su, amma mutum 11 sun sa hannu cewa sun gan su. Masana tarihi da masu tonon kufai da ba 'yan cocin ba, ba su yarda akwai shaidar waɗannan al'ummomi a ƙasa ba. Dattijon ya san da haka, ya ce shi addu'a ya yi ya samu natsuwa. Ban ja da shi ba.

An kafa cocin ranar 6 ga Afrilun 1830, kuma daga nan kora ta fara bin su: New York, Ohio, sannan Missouri, inda Gwamna Lilburn Boggs ya ba da umarni a rubuce a Oktoban 1838 cewa a kore su daga jihar ko a ƙarar da su. Kwana uku bayan haka aka kashe musu mutum 17 a Haun's Mill. Ba a soke umarnin nan a hukumance ba sai 1976. Amma adalci ne a faɗi abin da maƙwabtansu ke tsoro. A Nauvoo, Joseph Smith shi ne shugaban addini, shi ne magajin gari, shi ne kwamandan rundunar tsaron garin, mabiyansa suna jefa ƙuri'a gefe ɗaya, a 1844 ma ya fito takarar shugaban ƙasa. Ga kuma auren mata da yawa da ake yi a ɓoye. Da wasu tsofaffin makusantansa suka buga jarida suka tona zancen, majalisar garin ta sa aka farfasa injin ɗab'in. Wannan ya kai shi kurkukun garin Carthage.

Carthage tafiyar minti talatin da 'yan kai ce. Ginin na dutse ne, hawa biyu, ƙarami ƙwarai. Mun hau matattakalar katako zuwa ɗakin sama, aka nuna mana ƙofar. Ramin harsashi yana nan a jikin katakon, daidai tsayin fuskar mutum, bakinsa ya yi santsi saboda yawan yatsun da suka taɓa shi. Ranar 27 ga Yunin 1844 gungun mutane da suka shafa baƙi a fuska suka hauro. Hyrum, yayan Joseph, yana danne da ƙofar, harsashin ya ratsa katakon ya same shi a fuska. Joseph ya harba ƙaramar bindigar da aka shigo masa da ita, ya nufi taga, aka harbe shi ya faɗo ƙasa kusa da rijiya. Shekararsa 38. Ban yarda da da'awarsa ba ko kaɗan, amma mutumin da ke hannun hukuma yana jiran shari'a ba abin kashewa ba ne, kuma duk wanda ya taso a ƙasarmu ya san yadda taron jama'a ke haukacewa idan aka zuga shi da sunan addini. Na sauko jikina a sanyaye.

Kafin mu bar Nauvoo mun taka titin Parley har bakin ruwa, inda kekunan shanu suka yi layi a Fabrairun 1846 suna jiran ƙetarewa ƙarƙashin Brigham Young, wanda ya karɓi jagorancinsu bayan kisan Joseph. Daga nan idan ka waiga kana hango haikalinsu a kan tudu. Na asali ya ƙone a 1848, wanda ke wurin yanzu a 2002 aka sake gina shi. Emma, matar Joseph ta fari, ba ta bi su ba. Ta zauna, ɗanta ya shugabanci wani reshe dabam da har yau yake nan.

A Burlington ta jihar Iowa yaron ya sa ni jirgin ƙasa mai suna California Zephyr, ya juya. Tikitin kujera ya ci dala ɗari da 'yan kai, na ɗakin kwana kuwa ya ninka haka sau da yawa, don haka kujera na ɗauka. Tafiyar kwana da yini ce. Wahalar dare ita ce sanyin na'ura da ciwon baya, da rashin abin da zan ci hankali kwance. Burodi da kifin gwangwani da ƙuli-ƙulina suka riƙe ni. Salla a zaune na yi ta, waya tana nuna mini alƙibla. Wajen tsakar dare muka tsaya a Omaha, a gefenta ne ayarin da ya baro Nauvoo ya yi zangon sanyin 1846, inda ɗaruruwa suka mutu da yunwa da cuta. Ayarin farko da ya tashi daga nan a Afrilun 1847, mutum 148, bai isa kwarin Salt Lake ba sai ƙarshen Yuli. Jirgin ba ya bin sawunsu bayan Omaha, su ta Wyoming suka bi, mu ta Denver. Da safe muka fara hawan duwatsun Rocky, muka shiga wani rami da aka huda a cikin dutse mai kusan kilomita 10, muka fito muka bi kogin Colorado tsakanin jajayen duwatsu har yamma.

A taragon kallo, mai gilashi har sama, na zauna kusa da wani magidanci da kofin kofi a hannu. Da ya ji inda na nufa sai ya ce shi haifaffen cocin ne amma ya fita. Kakar kakarsa tana cikin talakawan Ingila da suka zo a 1856, waɗanda ba su da kuɗin shanu, sai aka ƙera musu amalanken hannu suka ja da ƙarfinsu fiye da kilomita dubu biyu, kowane babba kayansa kada su wuce kilo 8. Ayari biyu, na Willie da na Martin, sun makara wajen tashi, dusar ƙanƙara ta rutsa da su a Wyoming, fiye da mutum 200 suka mutu. Yana faɗa idonsa ya ciko. Sannan ya ce akwai labarin da shi ba a koya masa yana yaro ba: a Satumbar 1857, a Mountain Meadows da ke kudancin Utah, 'yan Mormon na yankin suka yaudari wani ayarin matafiya daga Arkansas da alƙawarin kariya, suka kashe kusan mutum 120, ƙananan yara 17 kaɗai aka bari. Mutum ɗaya, John D. Lee, aka kashe a kan laifin, shekara 20 bayan haka. Waɗanda aka zalunta jiya su ma sun yi zalunci da suka samu ƙarfi. Ya ce fitarsa daga cocin ta fi komai ɓata wa mahaifiyarsa rai, domin a aƙidarsu iyali a ɗaure yake har lahira, ita gani take ya tsinke igiyar.

Mun isa Salt Lake City, babban birnin Utah kuma cibiyar cocin, dare ya raba. Direban tasin da ya ɗauke ni ɗan Somaliya ne, da ya ji sunana ya yi mini sallama, ya rubuta mini inda masallaci yake da gidajen abincin halal. Otal ɗin tsakiyar gari ya fi na Nauvoo tsada, dala 120 da ɗoriya. Garin yana kan tudu kusan mita 1,300 sama da teku, iskarsa busasshiya ce, leɓe ya tsage, hawan bene kaɗan sai haki. Jirgin ƙasa na cikin gari kyauta ne a tsakiyar birni, da shi na yi ta zirga-zirga.

Da gari ya waye abin da ya fara ɗaukar idona faɗin tituna ne, kusan mita 40, wai don keken shanu ya iya juyawa ba tare da ja da baya ba. Kowane adireshi daga harabar haikali ake ƙirga shi, titi na kaza kudu, na kaza gabas, baƙo ba ya ɓata. Na nemi rafin City Creek na tsaya a bakinsa. Tun kafin Brigham Young ya ƙaraso ranar 24 ga Yulin 1847, waɗanda suka riga shi sun tare rafin nan suka jiƙa ƙasa, saboda ta yi taurin da ke karya garma, suka shuka dankali. Abin da ya fi burge ni a matsayina na ma'aikacin ruwa shi ne dokar da suka kafa tun farko, cewa rafi ba mallakar kowa ba ne. Kowace unguwa ta haƙa magudanarta da aikin gayya, aka naɗa mai kula da rabon ruwa, kowa da ranarsa da sa'arsa. Na shafe shekaru ina raba faɗa tsakanin manomin da ke kan magudana da wanda ke wutsiyarta, na san injiniyanci ba shi ne mai wuya ba, samun mutanen da za su jira layinsu shi ne aikin.

Babban haikalin na tarar da shi cikin ƙarafan gyara, tun ƙarshen 2019 ake yi masa sabon tushe saboda girgizar ƙasa. Shekara 40 aka yi ana gina shi, daga 1853 zuwa 1893, da duwatsun da shanu ke janyowa daga wani kwazazzabo mai nisan fiye da kilomita 30. Ko ba gyara ba zan shiga ba. Haikali dabam, cocin ranar Lahadi dabam. Ko ɗan cocin sai da takardar izini, bayan shugabanninsa sun tambaye shi ko yana ba da ushirin abin da yake samu, yana tsare kansa daga zina, yana guje wa giya da taba da shayi da kofi. A ciki ake ɗaura auren da suke cewa mutuwa ba ta raba shi, a ciki kuma ake yi wa matattu baftisma, mai rai ya tsaya a madadin kakansa. Shi ya sa suka fi kowa tattara tarihin zuriya. Ɗakin karatunsu na tarihin zuriya yana tsallaken titi, kyauta, kuma suna da rumbun ajiye takardu da aka huda a cikin dutse.

'Yan mata biyu masu wa'azi suka zagaya da ni, kowace da tutar ƙasarta a maƙale ƙarƙashin sunanta. Na ga kore da fari a ƙirjin ɗayar. 'Yar Akwa Ibom ce, ta rusuna ta ce, "Baba, sannu da zuwa," da Hausar da ta tsinta a barikin soja. Samari shekara biyu suke yi a wannan aiki, 'yan mata wata 18, galibi da kuɗin iyalinsu, kuma ba su ke zaɓar inda za a tura su ba. Suka kai ni zauren Tabernacle na 1867, mai rufi kamar ƙwaryar da aka kife. Ɗaya ta tsaya a mumbari ta saki allura, ni ina can ƙarshen zaure na ji faɗuwarta sarai. Kayan kiɗan da ke gaban zauren yana da bututu 11,623.

Nan muka zauna suka yi mini bayanin aƙida, ni ma na yi musu nawa. Suna cewa Allah Uba yana da jiki na nama da ƙashi, shi da Yesu da Ruhu Mai Tsarki uku ne mabambanta, mutane 'ya'yansa ne da suka rayu a wurinsa kafin haihuwa, kuma mai biyayya zai iya ɗaukaka ya zama kamarsa. Suna da annabi mai rai da manzanni 12. A lokacin Russell Nelson ne, tsohon likitan zuciya, ya cika shekara 100. Na gaya musu a fili cewa a wurina Allah ɗaya ne, bai haifa ba, ba a haife shi ba, babu mai kama da shi, kuma an rufe annabci da Annabi Muhammadu (SAW). Babu wadda ta ɓata fuska. Ɗayar ta ce shugabanninsu sun fitar da sanarwa a 1978 cewa Annabi Muhammadu yana cikin manyan jagororin da suka samu wani kaso na hasken Allah. Na yaba ladabin, amma tazarar da ke tsakaninmu ba ta ragu ba, kuma Kiristoci da yawa ma ba su karɓi wannan aƙida ba. Sun roƙe ni in daina ce musu Mormon, cikakken sunan shi ne Cocin Yesu Almasihu na Tsarkakan Kwanakin Ƙarshe.

Na tambayi 'yar ƙasarmu abin da ke cina. Daga 1852 har zuwa Yunin 1978 cocin nan ya hana baƙar fata muƙamin firist, wato limancin coci, da ibadun haikali, alhali a zamanin Joseph Smith an naɗa wani baƙi mai suna Elijah Abel. Ta san komai. Ta san tun shekarun 1950 da 1960 mutanen kudu maso gabashin Najeriya ke rubuta wasiƙu Salt Lake suna neman a zo, suna kafa ikilisiyoyi da kansu suna jira, har aka yi wa malamin makaranta Anthony Obinna baftisma a Nuwamban 1978, aka buɗe haikali a Accra a 2004, a Aba a 2005. Ta ce a 2013 cocin ya fito ya nesanta kansa daga duk bayanan da aka yi ta bayarwa cewa baƙar fata la'ana ce. Na ce mata nesanta kai dabam, neman afuwa dabam. Ta yi shiru kaɗan ta ce, "Baba, ni ma abin yana yi mini ciwo, amma nan na samu Allah." Washegari na je dandalin tunawa da isowar ayarin, a bakin kwazazzabon da suka fito, na ga mutum-mutumin Green Flake, bawa ɗan shekara 19 da ke cikin ayarin farko. Sai a 2022 aka kafa shi.

Zancen mata da yawa kuwa, da zarar an ji daga Najeriya nake kuma Musulmi, sai a jawo shi. Gidajen Brigham Young biyu suna nan kusa da haikali, na gan su daga waje. Ya auri mata fiye da 50. Sun bayyana al'adar a fili a 1852, gwamnatin Amurka ta yi ta ɗaure mazajensu, a 1887 ta yi dokar ƙwace dukiyar cocin, sai a 1890 shugabansu Wilford Woodruff ya sanar da dainawa, Utah ta zama jiha a 1896. Yau duk wanda ya ƙara aure korarsa ake yi, masu yi ƙungiyoyi ne da suka ɓalle. Na bayyana wa masu tambaya cewa namu yana da iyaka, huɗu, da sharaɗin adalci, kuma ba a ɓoye ake yi ba.

Ranar Lahadi na halarci taronsu a wata unguwa, ƙofa a buɗe take ga kowa. Babu gicciye, babu faranti na yawo neman baiko, yara suna ta hayaniya babu mai tsawata musu. Samari ƙanana suka zaga da burodi da ruwa. Masu jawabi talakawan ikilisiya ne, wata uwa da wani matashi. Bishop ɗin, wato shugaban ikilisiyar unguwa, ma'aikaci ne a wani wuri, ba a biyansa ko kwabo, bayan 'yan shekaru a sauke shi a ɗora wani.

Wurin da ya fi tsaya mini a rai shi ne Welfare Square, can yammacin gari, inda rumbun alkama mai tsayin mita 54 ke tsaye. A 1936 suka kafa tsarin, lokacin da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe. Lahadin farko na kowane wata kowa yana azumi, ya tsallake abinci biyu, ya miƙa kuɗin abincin ga bishop. Bishop da shugabar ƙungiyar mata sun san gidajen unguwarsu ɗaya bayan ɗaya. Idan gida ya shiga matsi, a zauna da su a rubuta abin da suke buƙata a takarda. Na shiga kantin na gani: madara, cuku, burodi, gari, nama, sabulu, mutane na tura kwandunan sayayya kamar a kowane kanti, amma babu wurin biyan kuɗi. Wata uwa da 'ya'ya biyu tana miƙa takardarta, mai taya ta ɗauka ɗan sa kai ne, ba za ka iya bambance mai karɓa da mai bayarwa ba. A harabar akwai gidan burodi, da wurin sarrafa madara, da na zuba abinci a gwangwani, da ofishin nema wa mutane aiki. Kayan daga gonakin cocin suke, yawancin masu aikin kyauta suke yi, wanda aka taimaka kuma ana so ya zo ya sa hannu idan yana da lafiya.

Na tsaya a wurin ina tunanin gida. Mu aka saukar wa zakka a matsayin rukuni, da rabe-raben masu cin ta guda takwas a cikin Alƙur'ani, ga zakkar fid da kai, ga wakafi. Ba mu rasa masu bayarwa ba, Kano cike take da su. Amma dubi yadda muke yi: layi a ƙofar gidan attajiri cikin azumi, turereniya, tsofaffi a rana, mai ƙarfi ya samu sau biyu, bazawarar da kunya ta hana ta fita ta kwana da yunwa da marayunta. Abin da suka fi mu ba tausayi ba ne, rajista ce, da sanin gida-gida, da rufin asirin mai karɓa. Ba na cewa ba su da abin zargi. Cocin yana da dukiya mai yawan gaske, kuma a 2023 hukumar kula da hannun jari ta Amurka ta ci shi tarar dala miliyan 5 tare da kamfanin jarinsa, saboda ɓoye girman abin da suka mallaka. Mutumin jirgin ƙasa ya ce da wannan dukiya ya kamata a yi fiye da haka, kuma ina ganin yana da gaskiya.

Na leƙa babban tafkin gishirin da ke kusa da birnin kafin in tafi. Ruwan ya ja baya ƙwarai, sai ka yi tafiya mai nisa a kan farin fako mai wari kafin ka taɓa shi. A 2022 ya yi ƙasan da bai taɓa yi ba, kuma babban dalili shi ne ruwan da ake karkatarwa gonaki kafin ya iso. Ban ruwan da ya raya su shi ke shanye tafkin, wanda ya san Tafkin Chadi ba sai an yi masa bayani ba. Juma'a na yi ta a masallacin Khadeeja da ke West Valley, cike da 'yan Somaliya da Pakistan da Bosniya, na ci shinkafa da naman akuya a gidan abincin da direban nan ya rubuta mini, dala 18. Komawa Shikago ta jirgin sama na yi, awa uku.

Da na dawo Kano na kai maganar gaban kwamitin masallacin unguwarmu. Mun amince a rubuta gidajen zawarawa da marayu da marasa lafiya, layi-layi, mata biyu masu mutunci su riƙa shiga suna dubawa, a kuma ware ɗakin da ke bayan masallaci don ajiye hatsi. Liman ya ce a fara da buhunan da ake kawowa bayan girbi, a riƙa kai wa mutane gida da daddare maimakon a tara su a ƙofa. An gama rubuta layuka huɗu, saura na bakin kasuwa.